Daga "Sai" zuwa "Yayin da": Tarihin Rubuta Manhajar da Ke Aiki da Cibiyoyi da Yawa

Gabatarwa

Wani ɗalibinmu da ke shirya kundin digiri na biyu ya tara rubutattun labaran rediyo da na jaridu cikin Hausa, yana son ƙirga yawan kowace kalma da kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. Ya rubuta ƴar manhaja, ya tayar da ita, ta kwana tana aiki ba ta gama ba. Da muka duba kwamfutarsa sai muka tarar cibiya 8 gare ta, ɗaya tana ta fama, bakwai suna zaune. Na'urar ba ta da laifi. Manhajar ce ba ta faɗa mata cewa ana iya raba aikin ba.

Wannan maƙala za ta bi tarihin matsalar tun daga 1945. Mu masu nazarin harshe ne, don haka ta fuskar harshe za mu dube ta. Ra'ayinmu shi ne: ƙera na'ura mai ma'aikata da yawa ya zo da sauƙi bisa ga samar da harshen da za a ba su umurni, kuma kowane mataki na wannan tarihi ƙoƙari ne na neman hanyar cewa "yayin da" cikin harsunan da aka gina don cewa "sai".

Ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Furosesa ita ce ɓangaren kwamfuta mai zartar da umurni. Cibiya, wadda Faransanci ke kira cœur, ita ce ma'aikaci guda cikin furosesa. Ma'adana ita ce wurin da ake aje bayanai lokacin aiki. Zare jerin umurni ne da cibiya ɗaya ke bi. Tafinta kuma ita ce manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa umurnin da na'ura ke ganewa.

1. Gadon layi ɗaya

A cikin darussansa da aka buga a 1916, Ferdinand de Saussure ya nuna cewa magana a layi ɗaya take tafiya: sauti na bin sauti, ba a furta biyu lokaci guda. Duk da haka harsunan ɗan Adam sun sami dabarar bayyana abubuwan da ke faruwa tare. Bahaushe na cewa "ta ɗauko gero, ta surfa, ta wanke, ta daka", kowane aiki na jiran na gabansa. Yana kuma cewa "tana daka tana waƙa", ayyuka biyu cikin lokaci ɗaya.

Harsunan kwamfuta na farko sigar farko kaɗai suka gada. Tsarin da John von Neumann ya bayyana a 1945, cikin rahotonsa kan na'urar EDVAC, ya ƙunshi ma'aikaci ɗaya da ma'adana ɗaya: a ɗauko umurni, a zartar, a ɗauko na gaba. FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957, a kan wannan tsari aka gina shi, haka ma ALGOL 60. Ma'anar manhaja a waɗannan harsuna ita ce abin da ke faruwa in an bi jimlolinta daga sama zuwa ƙasa. Backus da kansa, a laccar da ya yi ta karɓar lambar yabo ta Turing a 1977, ya koka cewa wannan tsari ya ƙuntata tunanin masu rubuta manhaja, ya saba masu da sarrafa bayani ɗaya bayan ɗaya.

2. Turmi ɗaya, taɓare da yawa

A farkon shekarun 1960 aka fara haɗa furosesa fiye da ɗaya kan ma'adana guda. A 1963 Melvin Conway ya bayyana umurni biyu, ɗaya na raba zare gida biyu, ɗaya na sake haɗe su. A 1966 A. J. Bernstein ya fayyace sharaɗin rabawar: ana iya zartar da jimloli biyu tare in babu wadda ke rubutu a wurin da ɗayar ke karantawa ko rubutawa.

Wahalar tana inda sharaɗin bai cika ba. Mu koma ga aikin ɗalibinmu. A ce zare biyu suna ƙirga kalmar "da", kuma lissafin ya kai 100. Na farko ya karanta 100. Kafin ya rubuta 101, na biyu shi ma ya karanta 100. Kowanne ya ƙara ɗaya, ya rubuta 101. An ga kalmar sau biyu, an ƙirga ta sau ɗaya. Wannan shi za mu kira rige-rige. Muninsa shi ne ba kullum yake aukuwa ba: manhajar na iya ba da amsa daidai sau dubu, ta kuskure a na dubu da ɗaya, gwargwadon wanda ya riga wani.

Edsger Dijkstra, a Eindhoven ta ƙasar Holan, shi ya sa matsalar cikin tsari. A 1965 ya buga hanyar da zaruruwa masu yawa za su bi don kada biyu su shiga wuri ɗaya lokaci guda. Ya kuma ƙirƙiro wata alama da ya aro sunanta daga alamun layin dogo, sémaphore, mai umurni biyu, P da V: ɗaya na neman izinin shiga, ɗaya na sakin wurin. Duk wanda ya ga mata suna lugude ya san ƙa'idar: turmi ɗaya ne, taɓare biyu ko uku, amma ɗaya ce ke sauka a kowane bugu.

Maganin ya zo da tasa cutar. In zare na farko ya riƙe kwaɗon A yana jiran na B, na biyu kuma ya riƙe na B yana jiran na A, an yi kiki-kaka, ba mai motsi har abada. Dijkstra ya kwatanta wannan da misalin da ya shahara da sunan masana falsafa biyar: suna zaune a teburi da cokula biyar, kowa na bukatar biyu kafin ya ci, kowa ya ɗauki na hagunsa ya tsaya jiran na dama. Don rage irin waɗannan kurakurai, Per Brinch Hansen da Tony Hoare suka kawo shawarar a haɗa bayanan da kwaɗonsu wuri ɗaya cikin harshen kansa. Hoare ya buga nasa bayanin a 1974.

Rige-rige ya taɓa kashe mutane. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima aƙalla sau shida a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Bincike ya nuna cewa ɗaya daga cikin musabbaban shi ne rige-rige cikin manhajarta, wanda ke tasowa in ma'aikacin ya gyara umurni da sauri sosai.

3. Iyakar gayya

A 1967 Gene Amdahl ya kawo hujjar da har yanzu ake kira da sunansa. Kowane aiki na da ɓangaren da ake iya rabawa da wanda dole a yi shi a jere. A ce kashi 10 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa. Da cibiya 4 saurin zai ninka kusan sau 3, da cibiya 8 bai kai sau 5 ba, kuma ko cibiya nawa aka ƙara ba zai wuce sau 10 ba. Manomi ya san haka: ƴan gayya na raba kunyoyin gona, amma yawansu ba ya rage tafiyar zuwa gonar.

Abin da ya faru a shekarun da suka biyo baya ya yi kama da gaskata Amdahl. An tsara ILLIAC IV a jami'ar Illinois da ma'aikata 256, aka ƙera 64 kawai, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta fara aiki sosai a wata cibiyar NASA. Cray-1 ta 1976, mai furosesa ɗaya mai sauri da ke sarrafa jerin lambobi da umurni guda, ita ta ci kasuwa. Masu bincike irin su David Kuck sun yi ƙoƙarin gina tafintar da za ta gano wuraren rabawa da kanta cikin tsofaffin manhajojin FORTRAN. An yi nasara a lissafin da ke maimaita abu ɗaya kan dogayen jeri, amma ba a wuce nan da nisa ba, domin tafinta ba ta iya tabbatar da sharaɗin Bernstein in rubutun bai nuna shi ba.

A 1988 John Gustafson, daga ɗakin bincike na Sandia, ya ba da amsa bayan gwaji kan na'ura mai furosesa 1024. Ya ce wanda ya sami ma'aikata da yawa ba tsohon aikinsa yake maimaitawa ba, faɗaɗa shi yake yi, kuma in aiki ya faɗaɗa ɓangaren da ke rabuwa ne ya fi girma. Hujjojin biyu ba sa karo: Amdahl na magana kan gona mai iyaka, Gustafson kan manomin da ya ƙara fili saboda ya sami mutane.

4. Hanyar saƙo

Tun a shekarun 1970 wasu suka ga cewa tushen rige-rige shi ne tarayya a ma'adana. In kowane ma'aikaci na da tasa, kuma ba ya sanin abin da ke hannun wani sai ta saƙo, babu wurin da za a yi karo. Carl Hewitt ya gabatar da wannan tunani a 1973. A 1974 Gilles Kahn, masanin Faransa, ya nuna cewa in ma'aikata suna aika wa juna saƙo ta layuka masu kiyaye jeri, kuma mai karɓa na jira har saƙo ya iso, to sakamakon ba ya canzawa ko wane ne ya fi sauri. A 1978 Hoare ya buga tsarin da aka sani da CSP, inda mai aikawa da mai karɓa ke jiran juna kafin saƙo ya wuce. A shekarar ce kuma Leslie Lamport ya nuna cewa tsakanin na'urori masu nisa da juna, "kafin" da "bayan" ba su da ma'ana sai ta hanyar saƙon da ya haɗa abubuwa biyu. In babu shi, ba a iya cewa wane ya riga wane.

Harsuna sun biyo baya. Ada, wanda ayarin Jean Ichbiah ya tsara a Faransa don ma'aikatar tsaron Amurka, aka kuma daidaita shi a 1983, ya kira haɗuwar ayyuka biyu rendez-vous. A Ingila kamfanin Inmos ya fitar da harshen occam bisa CSP, tare da furosesar Transputer. Occam ya cancanci kulawar mai nazarin harshe: dole marubuci ya sa SEQ a kan jimlolin da za a bi a jere, ko PAR a kan waɗanda za a yi tare. Wato a nan "sai" da "yayin da" matsayinsu ɗaya a nahawu, babu wanda ake ɗauka kyauta. A Suwidin, daga 1986, Joe Armstrong da abokansa a Ericsson suka gina Erlang don na'urorin tarho, inda dubban ƙananan ayyuka ke musayar saƙo, kuma mutuwar ɗaya ba ta kashe saura. A Faransa kuma Esterel na Gérard Berry da Lustre na Grenoble suka ɗauki wata hanyar, inda dukan ayyuka ke tafiya bisa bugun agogo ɗaya. Daga Lustre aka samo SCADE, da aka yi amfani da shi wajen manhajar jiragen Airbus.

5. Zamanin daidaitawa

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kowane kamfani na da nasa karin harshe, kuma manhajar da aka rubuta don wata na'ura ba ta aiki a wata. Masu nazarin harshe sun san wannan hali, sun kuma san maganinsa: a zauna a daidaita. PVM ya fito daga ɗakin bincike na Oak Ridge a 1989. A 1994 aka fitar da ƙa'idar MPI ta aika saƙo tsakanin na'urori, bayan tarurrukan da suka haɗa jami'o'i da kamfanoni. A shekarar ce Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa ƙananan kwamfutoci 16 na kasuwa a NASA, suka kira tarin Beowulf, abin da ya buɗe wa jami'o'i marasa kuɗi ƙofar babban lissafi. A 1995 aka daidaita zaruruwan POSIX, a 1997 kuma OpenMP ya fito don FORTRAN, sannan don C da C++ a 1998.

Abin lura shi ne babu ɗaya cikin waɗannan da ya zama sabon harshe. MPI da POSIX tarin kalmomi ne da aka ɗora wa tsofaffin harsuna. OpenMP kuma ɗan bayani ne da ake rubutawa a saman jimla, mai cewa "wannan maimaicin ana iya raba shi". Tafintar da ba ta san shi ba tana tsallake shi, manhajar ta yi aiki a jere. Jama'a sun karɓi aron kalmomi, sun ƙi sauya nahawu. Dalilin a fili yake: a lokacin furosesa ɗaya na ƙara sauri kowace shekara, wanda manhajarsa ke nawa sai ya jira sabuwar na'ura. Transputer ma wannan guguwa ce ta tafi da ita.

6. Da zafi ya tsayar da agogo

Saurin nan ya dogara kan abu biyu. Gordon Moore ya lura a 1965 cewa yawan taransistocin da ake iya dasawa a guntun siliki ɗaya na ninkawa a kai a kai. Robert Dennard da abokan aikinsa kuma suka nuna a 1974 cewa in taransisto ya ƙanƙance, wutar da yake ci na raguwa daidai gwargwado, don haka ana iya ƙara bugun agogo ba tare da ƙarin zafi ba. Intel 4004 ta 1971 na bugu 740,000 a sakan. Pentium 4 ta kai bugu miliyar 3.8 a 2004. A nan ƙa'idar Dennard ta karye: taransistoci sun yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo daga gare su, zafi ya fi ƙarfin abin sanyayawa. A 2004 Intel ta soke furosesar da ta shirya don gadar Pentium 4.

Taransistoci ba su daina yawaita ba, sai aka juya su zuwa ƙarin cibiyoyi. IBM ta riga ta fitar da POWER4 mai cibiya 2 a 2001 don manyan na'urori. A 2005 Pentium D da Athlon 64 X2 suka kawo haka cikin kwamfutocin gida da na ofis. A shekarar Herb Sutter ya buga wata maƙala da ta yi suna, inda ya gargaɗi masu rubuta manhaja cewa zamanin cin banza ya ƙare. Matsalar da ta kasance ta ƴan tsirarun masana tun 1965 ta zama ta kowa.

7. Gyaran nahawu

Abin da ya biyo baya iri uku ne. Na farko, an koma ga ma'anar harsunan kansu. Tafinta da furosesa duk suna sake jeren umurni don neman sauri, muddin zare ɗaya ba zai ga bambanci ba. Amma zare na biyu na iya gani. A 2005 Hans Boehm ya nuna cewa ba a iya tabbatar da ingancin zaruruwa in an bar su a matsayin kalmomin aro, dole harshen ya fayyace wane rubutu wane zare zai gani, kuma yaushe. Java ya gyara nasa bayanin a 2004, C da C++ suka sami nasu a 2011.

Na biyu, an ɗaga matakin magana. Maimakon marubuci ya sarrafa zaruruwa da hannunsa, sai ya bayyana ƙananan ayyuka, wani tsari ya rarraba su ga cibiyoyin da ba su da aiki. Cilk na jami'ar MIT ya fara wannan a shekarun 1990, TBB na Intel ya biyo a 2006. A 2004 Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na Google suka bayyana MapReduce, kuma misalin da suka fara bayarwa ƙirgar kalmomi ne: kowane ma'aikaci ya ƙirga nasa kason shi kaɗai, daga baya a tara. CUDA na Nvidia, a 2007, ya buɗe furosesar hoto mai ɗaruruwan ƙananan cibiyoyi ga lissafi na gama-gari, kuma a kan irinta ake horar da manyan manhajojin sarrafa harshe.

Na uku, tsofaffin ra'ayoyi sun dawo cikin sababbin harsuna. Go, na 2009, ya ɗauko layukan saƙo daga CSP. Rust, wanda sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a 2015, ya sa ƙa'idar mallaka cikin nahawunsa: bayani na da mai shi guda, kuma tafinta na ƙin jimlar da za ta bar zare biyu su taɓa shi ba tsari alhali ɗaya na rubutu. Kuskuren da a da sai an yi sa'a ake kama shi, ko da kayan bincike irin su Helgrind da ThreadSanitizer, ya koma kuskuren nahawu da ake gani tun kafin a tayar da manhajar.

Python, wanda ɗalibanmu suka fi amfani da shi, ya daɗe da wani babban kwaɗo da ke hana zaruruwansa zartar da umurnin harshen lokaci guda. Hanyar kauce masa ita ce tayar da ayyuka masu zaman kansu, kowanne da ma'adanarsa, abin da harshen ya tanada tun 2008. A 2024 sigar 3.13 ta zo da zaɓin gwaji na cire kwaɗon.

Kammalawa

Ɗalibinmu bai sayi sabuwar kwamfuta ba. Ya raba taskar rubutunsa bisa iyakokin labarai, don kada a yanke jimla a tsaka a ɓata ƙirgar maƙwabtan kalmomi. Ya ba kowace cibiya kasonta da nata lissafin. A ƙarshe ya tara. Saurin bai ninka sau 8 ba, saboda karanta fayiloli da tara sakamako sun kasance a jere, kamar yadda Amdahl ya faɗa. Amma aikin da ke kwana ya koma na zama ɗaya.

Abu biyu muke shawarta wa sassanmu. Na ɗaya, duk ɗalibin da za a koya wa sarrafa taskar rubutu a koya masa tun farko ya tambayi kansa waɗanne matakai ne ke jiran juna da gaske, waɗanne ne kuma al'adar rubutu kawai ta jera su. Inda kuɗin na'ura da wutar lantarki suka yi ƙaranci, barin cibiya bakwai cikin takwas a zaune asara ce da ba mu da halin ɗauka. Na biyu, kalmomin da muka yi amfani da su a nan, cibiya, zare, kwaɗo, rige-rige, kiki-kaka, shawara ce kawai. Muna fatan abokan aikinmu na fannin lissafi da na kwamfuta za su gwada su a aji, su gaya mana waɗanda suka zauna a bakin ɗalibai da waɗanda ke bukatar sauyi.